Bayan Hajo a Ƙofar Rumawa

Litinin, da hantsi

Unguwar Tandabawi a Makka, farkon Muharram 1435. Wa'adin da hukuma ta ba marasa iƙama, takardar zama, ya ƙare. Lungunmu shiru kamar gidan makoki, ko mai gasa burodin tamis bai buɗe ba. Ni Ja'afaru, a Makka aka haife ni, a Makka aka haifi ubana, a Makka aka binne shi, amma yau ni baƙo ne. Madalla. Keken da nake tura tsofaffi da shi a ɗawafi na jingine shi bayan ƙofa, har Gwaggo Kabira ta shanya tsumma a kansa.

Kaka Hajo ce ta ce in nemi takarda in riƙa zuba masifata a ciki, tunda bango ya gaji da ji. Ta ce, "Maigida, bakinka ya fi ƙafarka sauri. Wata rana zai riga ka isa kurkuku." Na ce tsohuwar da ba ta da haƙori ko ɗaya ba ta da ikon yi wa bakin wani sharhi. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Tarin ne bai yi min daɗi ba.

Yaya Hadi ya ce gobe zai leƙa unguwar Shisha ya ɗauko kayan fentinsa. Na ce kada ya je. Da irin muryata na faɗa, shi ya sa bai saurara ba.

Talata, bayan Magariba

Gwaggo ta zuba tuwo har da kwanon Yaya Hadi. Ta rufe ta ajiye.

Laraba, da azahar

Wayarsa a kashe.

Juma'a, bayan an sauko

Ban je Harami ba. Daga ɗaki na ji huɗuba kamar mai jego.

Ba abin yi sai karatu a waya. Ni dama makarantata ke nan. Sun ƙi ɗaukata a ta gwamnati don ba takarda, sai na koyi Larabci a zauren malam, na koyi boko a jikin kwalaye da allunan otal, Turanci kuwa a bakin tsofaffin da nake turawa. Yau na ce bari in duba ƙasar da za su jefa ni in sun kama ni, ƙasar da ban taɓa gani ba. Na bi hanyar da Kaka take cewa ta biyo: Damagaram, Bilma, Murzuk. A haka na faɗa wani shafi na 'yan Libiya masu tara tsoffin hotuna.

Sun ɗauko sanarwar wata jami'a ta Turai. Hotuna ne na wani kango a tsakiyar hamada, sansanin sojojin Rumawa, inda iyakar daularsu ta tsaya, daga nan sai yashi. An same su cikin kayan wani Bature mai haƙa tsoffin gine-gine, bayan mutuwarsa. Amma sun ce ba shi ya ɗauka ba. A watannin da aka ɗauke su yana kwance asibiti a Tarabulus, kuma shi kullum sandar awo mai fari da baƙi yake kafawa a gefen gini don a gane tsawonsa. Waɗannan babu sanda. Mace ce a tsaye. Kowane hoto mace guda, gajeriya, da zane a ka, ta juya wa mai ɗauka baya. A ƙasa suka rubuta: duk wanda ya san mai hoton nan ya taimaka.

Ina ta turawa da yatsa har na zo kan wata ƙofar dutse mai baka. Sai na daina turawa.

Ƙofar nan tana cikin gidanmu. A cikin murfin adakar Kaka take, an maƙale ta da allura, ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Tun ina ƙarami nake ganinta duk ran da ta buɗe don ɗauko turare. Na ɗauka wani wuri ne a Damagaram. Ban taɓa tambaya ba. Ni mai tambayar komai.

Asabar, da safe

Na kai mata wayar tana shan kunu. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ƙara masa girma." Na ƙara.

Ta ce, "Zanen nan shuɗi ne fa. Ga shi sun mai da shi baƙi."

Na ce, "Ke ce ke nan?"

Ta ce, "A'a, uwarka ce."

Na ce, "Wa ya ɗauka?"

Ta ce, "Wani mutum."

"Kakana Alhaji Abubakar?"

Ta ce, "Kakanka? Allah ya jiƙansa, ko madubi ba ya iya riƙewa daidai."

Gwaggo ta saki ludayi a ƙasa. Kaka ta miƙo min wayar, ta ce kunun ya huce, ta juya fuska bango.

A tsakar gida Gwaggo ta ja ni gefe. Ta ce kafin mahaifinta, Kaka ta yi wani miji, da shi suka taso daga gida, ya rasu a hanya. Iyakar abin da ta sani ke nan. Na ce sunansa fa? Ta ce, "Ni 'yarta ce, shekarata hamsin da wani abu, ban taɓa ji a bakinta ba. Matan zamaninsu ba sa kama sunan mijin fari ko da wuƙa a wuya. Waɗanda suka san shi duk sun mutu. Ka bar ta, Ja'afaru. Abin da ke kanmu bai ishe ka ba?"

Ya ishe ni. Shi ya sa.

Lahadi, da la'asar

Motar masu kame ta tsaya a bakin lungu. Ba ta shigo ba. Ba zan rubuta wa suka ɗauka ba.

Litinin, da hantsi

Na rubuta wa mutanen jami'ar da Turancina na otal. Na ɗauki hoton namu na tura musu. Na ce matar da kuke kira "ba a san ta ba" tana nan tana tari a ɗakinmu, kuma ta fi ku sanin inda ta tsaya. Na ce kun riƙe aikin mutum shekara da shekaru, sai yanzu kuka tuna yana da suna. Na ƙara wasu maganganun da ban san ko na rubuta su daidai ba. Allah ya sa ban rubuta daidai ba.

Talata, bayan Azahar

Wata mata ta amsa. Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta ce gaskiya na faɗa, sun daɗe. Ta ce ta yi shekaru tana kallon bayan matar nan, har ta saba gaishe ta da safe in ta shiga ofis. Ta ce a gaida Kaka, kuma kada a matsa mata. In an samu sunan za su sa shi a ƙarƙashin kowane hoto, in ba a samu ba sun gode.

Na tanadi faɗa, an bar ni da shi a hannu.

Na faɗa wa Kaka wata Baturiya tana gaishe ta kullum da safe. Ta ce, "Ina amsawa. Amma ka ce mata ba a gaida mutum ta baya."

Laraba, da safe

Ƙafafunta sun kumbura. Zoben azurfarta ya ƙi fita, sai da sabulu. Asibiti kuwa abin da za su fara tambaya mun san shi.

Sunan mutumin nan wuri ɗaya ya rage masa a duniya, kuma wurin yana tari.

Alhamis, da yamma

Yau ta ji sauƙi. Ina matsa mata ƙafa da man zaitun, na ce, "Ashe dai ni ne na uku. Ina ta taƙama ni ne maigida, ashe har kakana ma an riga shi."

Ta ce, "Kai ai ladan noma ne, ba ka ko ajiye cefane."

Sai ta fara da kanta, ban tambaya ba.

Ta ce mutumin mai gyaran agogo da fitila ne a kasuwar Damagaram. Ita ta zaɓe shi. Kullum sai ta ɓata fitilar gidansu da gangan ta kai masa, har uwarta ta gane ta ce fitilar nan aure take so. Suka yi aure, suka kama hanyar Hajji ta arewa da masu manyan motoci. Guzuri ya ƙare a ƙasar Libiya. Suka tarar da Turawa suna tone wani tsohon gari daga cikin yashi, ya gyara musu mota, sai suka riƙe shi. Ita tana dafa wa ma'aikata shayi.

Ta ce akwatin hoton Baturen ya cika da yashi ya daina aiki, shi ya kwance shi a kan zaninta ya hure shi ya mayar. Tun daga ranar Baturen yake nuna masa yadda ake leƙawa. Da ciwo ya kama Baturen za a tafi da shi, ya bar masa akwatin ya ce ya ɗauki ginin duka kafin iska ta sake binne shi.

Na ce, "To sandar awon fa?"

Ta ce, "Sanyi aka yi irin na hamada, ma'aikata suka hura wuta da ita." Ta yi dariya. "Ya rasa yadda zai yi. Sai ya dube ni ya ce, Hajo, zo ki tsaya can, ke ce sandata. Na ce wallahi ba zan tsaya ka ƙura min ido a gaban maza ba. Ya ce to ba ni baya. Kullum da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, ya tsayar da ni a gindin wani bango. Ya ce in na motsa ginin zai yi ƙarya. Ina tsaye ina jin idonsa a nan." Ta kai hannu tsakanin kafaɗunta. "Har yau in na tsaya salla wani lokaci ina ji."

Na ce, "Ba ki taɓa waiwayawa ba?"

Ta ce, "Sau ɗaya. Ya ce na ɓata masa fim. Amma yana murmushi."

Na duba hotunan duka daga baya. Babu wannan a ciki.

A Tarabulus Baturen ya wanke musu guda ɗaya ya ba su. Suka wuce Masar. A Suwais, suna jiran jirgin ruwa, zazzaɓi ya kama shi. Ta ce ana ganin tekun daga inda aka binne shi. Bai ga Ka'aba ba.

Na ci gaba da matsa mata ƙafa. Can na ce, "Kaka, sunansa."

Ta janye ƙafarta. Ta ce, "Ka taɓa jin mutum ya kira sunan idonsa kafin ya duba da shi? Tashi ka ba ni wuri, mara kunya."

Juma'a, da hantsi

Na yi mata tsawa. Na ce kunyar banza ce, kunyar da za ta binne mutum sau biyu. Na ce Rumawan da suka mutu tun kafin Annabi sun sassaƙa sunayensu a dutse, shi kuwa ko a bakin matarsa ba shi da wuri. Gwaggo ta ce in fita. Ina zan fita?

Kaka ta kau da kai. Ta gyara mayafinta kawai.

Juma'a, bayan La'asar

Na kai mata shayi. Ta sha. Ba ta ce min maigida ba.

Asabar

Ba labari.

Lahadi, da azahar

Wata baƙuwar lamba ta kira Gwaggo. Muryar Yaya Hadi ce, gajeren lokaci. Yana da rai, yana hannunsu. Ya ce a aika masa da rigar sanyi da takalmi. Ya ce a ce min kada in yi hauka. Gwaggo ta wanke kwanon da ta daɗe tana rufewa, ta kife shi a saman kanta.

Kaka ta tambaya sau biyu yau ko Hadi ya dawo daga aiki. Sau biyun na ce yana hanya.

Talata, da safe

Ta kira ni tun ban karya ba. Ta ce, "Maigida." Na zo da sauri kamar ba ni ba.

Ta ce a Muharram mijin nata na fari ya rasu. Tun shekarar da ta iso Makka, duk Muharram sai ta fita Tan'im ta ɗauko harami ta yi masa umara. Ba ta taɓa fashi ba. Na ce kakana ya sani? Ta ce, "Shi yake kai ni, ya zauna a waje yana jirana da ruwa a hannu. Mutumin kirki ne, madubi ne kawai bai iya ba." Bayan rasuwarsa ita kaɗai take zuwa, tana ce mana ziyara ta tafi.

Ta ce, "Bana ƙafa ta ƙi. Watan ya wuce rabi. Ka yi masa."

Sannan ta tambaye ni, murya ƙasa ƙasa, ba ta dube ni ba: "Kai mai karatu. In wani zai yi wa wani, dole sai ya ambaci sunan? Ni a zuci nake yi, ka san tsakanina da Allah ba sai na buɗe baki ba."

Na ce zan duba.

Ba sai na duba ba. Na sani.

Talata, bayan Azahar

Kalma ɗaya ce. In na ce dole ne, za ta faɗa. Za ta haɗiye kunyar shekara sittin don kada ladan ya ɓata. Ba ta iya karatu ba, ba ta da wanda za ta tambaya, malamin lungunmu ma ya ɓuya. Kuma don mutumin ne, ba don ni ba. Haka nake ta gaya wa kaina tun ɗazu.

Na zauna a kan keken turawa a bayan ƙofa ina kallon bango.

Laraba, da hantsi

Na faɗa mata gaskiya. Na ce ba dole ba ne. Niyya ta isa. In na ce na yi wa mijin kakata na fari, Allah ya san wa nake nufi.

Ta ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Na tabbata, tsohuwa. Riƙe kayanki."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ashe kana da hankali, ɓoyewa kake."

Shi ke nan. Zan rubuta wa Baturiyar nan in ce ba a samu ba.

Gwaggo ta ce in na fita daga gidan nan ba da yawunta ba. Ta ce ɗaya bai isa ba sai an haɗa da na biyu? Na ce Mukhtaru abokina zai kai ni, direban otal ne, takardarsa lafiya lau, motar kuma da sunan otal a jiki. Ta ce takardar Mukhtaru ba ta rufe mutum biyu. Gaskiya ta faɗa.

Alhamis, bayan La'asar

Na dawo. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Da safe Mukhtaru ya tsaya a bakin lungu. Na sa tufafin harami a leda, na leƙa in yi wa Kaka sallama. Ta ce wa Gwaggo ta je ta duba wuta, alhali ba a ɗora komai ba. Da ta fita, Kaka ta ce in sunkuyo. Ta kama kunnena kamar lokacin da nake satar dabino.

Na ce, "Na gaya miki ba dole ba ne."

Ta ce, "Na ji. Allah ya san shi. Kai ne ba ka san shi ba."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta duka. Daga cikin mayafin ta faɗa. Muryar ba tata ba ce, ta wata yarinya ce mai kai fitila gyara. Sau ɗaya ta faɗa, ta sake ni, ta ce, "Ka fara kai wa Allah. In ka dawo ka ba Turawanka. Tafi, kada ka kalle ni."

Ban kalle ta ba.

A hanya akwai shinge. Mukhtaru ya ce in daina haɗiyar yawu da ƙarfi, ana ji har waje. Ya ce, "Yalla ya shehu, yi fuskar alhazai." Ɗan sandan shingen ya leƙo, ya ga leda da fararen tufafi, ya ga sunan otal, wata mota ta yi masa ham a baya, ya ɗaga hannu.

A Tan'im na yi wanka, na ɗaura, na yi raka'a biyu. Na tsaya cikin 'yan Indunusiya da Turkawa, kowa yana ta nasa. Na buɗe baki, ni da ake ji daga farkon lungu, na faɗa a hankali.

Labbaika umratan an Abdulganiyyu ɗan Wada.

Na yi ɗawafi da ƙafata, ba na tura kowa. Da na hango Ka'aba na ce masa, ga ta nan, malam. Duba da kyau, kai ne mai ido.

Asabar, da safe

Na tura wa mutanen jami'ar sunan. Baturiyar ta tambaya ko a sa sunan Kaka ma. Na tambaye ta. Ta ce, "A ce matarsa. Ya isa."

Abin dariya: Gwaggo ta ce in faɗa mata sunan, muna tsaye a ƙofar ɗakin Kaka, na kasa. Sai da na ja ta tsakar gida.

Litinin

Ba ta ci komai ba sai ruwan zamzam.

Laraba, da hantsi

Sun sa. A ƙarƙashin kowane hoto. Abdulganiyyu ɗan Wada, mai gyaran agogo, mutumin Damagaram. A tsaye: matarsa.

Na tallafe ta ta zauna, na sa mata wayar a hannu, na buɗe ƙofar dutsen. Ta ce, "Ina yake?" Na nuna mata layin. Ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma ta bi shi da ido daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali, kamar mai duba ɗinki.

Ta ce, "Wa zai gani?"

Na ce, "Kowa. Duk duniya."

Ta ce, "Maza da mata?"

Na ce, "Har da Yahudu da Nasara."

Ta ce, "Allah ya shirye ku, marasa kunya." Ta ɗora babban yatsanta a kan sunan ta rufe shi.

Na ce ta ba ni wayata, caji ya kusa ƙarewa. Ta ce in je in nemi wata. Na jawo wayar caji daga bango na haɗa mata a inda take. Tana nan ta yi barci a zaune, yatsan yana wurin. Hasken wayar ya mutu tun ɗazu, ban taɓa ba.